Ribar da Ba Ta Fita Gida Ba: Haɗa Lissafin Uwar Kamfani a Yamai da Ɗiyarta a Tawa

A ce akwai kamfanin sarin kayan abinci a Yamai da ke riƙe da kashi 60 cikin 100 na hannun jarin wani kamfani a Tawa, sauran kashi 40 kuma yana hannun wasu ƴan kasuwar garin. Na Yamai shi ne uwa, na Tawa ɗiya. Kowanne da rajistarsa, da lambar harajinsa, da kwantabul ɗinsa mai riƙe masa lissafi, kowanne kuma yana rufe lissafi ranar 31 ga Disamba kamar yadda dokar OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci iri ɗaya, ta tanada. Uwa tana tura wa ɗiya shinkafa, ɗiya tana saro wake a kasuwannin ƙauyukan Adar ta sayar wa uwa. Duk motar da ta tashi da faktir take tafiya, wato takardar kuɗin kaya, kowane faktir kuma akwai riba a cikinsa. In aka buɗe littafin kowannensu shi kaɗai, ribar nan halal ce, an ma biya mata haraji. In aka haɗa littattafan biyu wuri guda kuwa, wani sashe nata bai samu ba tukuna, domin buhunan suna nan jibge a mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ba wanda ya zo daga waje ya saya. Wanda ya kwashe hatsi daga wannan rumbu ya zuba a wancan bai yi sabon girbi ba.

Haɗa lissafin ba ganin dama ba ne. Dokar lissafi ta OHADA da aka sabunta a Brazabil ranar 26 ga Janairun 2017, wadda aka sani da AUDCIF, ta fara aiki a kan lissafin kamfani guda daga 1 ga Janairun 2018, a kan haɗaɗɗen lissafi kuma daga 1 ga Janairun 2019. Sashe na 74 ya wajabta wa kamfanin da ke juya akalar wani kamfani ya fitar da haɗaɗɗen lissafi kowace shekara, sai dai ƙananan rukunoni, wato uwa da ɗiyanta a haɗe, waɗanda cinikinsu bai wuce sefa miliyan 500 ba. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta BRVM a Abijan, da masu neman kuɗi daga hannun jama'a, su ƙa'idojin lissafi na duniya da ake kira IFRS suke bi wajen haɗawa. A kan maganar da ke gabanmu hanyoyin biyu sun yi daidai: idan uwa ce ke da rinjayen ƙuri'a, ana ɗauko dukiyar ɗiya da bashinta da cinikinta gaba ɗaya, ɗari bisa ɗari, a haɗa da na uwa, sannan a ware wa masu ƙaramin kaso rabonsu a layi na daban, a bilan, wato takardar dukiya da bashi, da kuma a takardar riba da asara.

Mu sa lambobi, na misali ne, ba farashin kasuwar Katako ba. A cikin shekara uwa ta tura wa ɗiya buhun shinkafa 10,000. Kowane buhu ya tsaya wa uwa jika 12 (jika ɗaya sefa 1,000 ce), ta rubuta wa ɗiya faktir a jika 15. Ciniki miliyan 150, kuɗin saye miliyan 120, riba miliyan 30. Ranar ƙidayar ƙarshen shekara aka samu buhu 2,000 a mangazar Tawa. Ita kuma ɗiya ta tura wa uwa buhun wake 4,000, kowanne ya tsaya mata jika 21, ta sayar a jika 28. Ciniki miliyan 112, riba miliyan 28. Buhu 1,000 ya kwana a mangazar Yamai.

Aikin farko mai sauƙi ne, kuma ba ya taɓa riba ko da dala ɗaya. Abin da uwa ta rubuta a ciniki shi ne ɗiya ta rubuta a saye, sai a goge su tare: miliyan 150 na shinkafa, miliyan 112 na wake, jimla 262. Idan cinikin uwa na shekara miliyan 900 ne, na ɗiya 400, haɗaɗɗen ciniki ba 1,300 ba ne, 1,038 ne. Haka za a goge bashin da ke tsakaninsu, abin da uwa ke bin ɗiya da abin da ɗiya ta rubuta ana bin ta. Tsarin lissafin OHADA, wato SYSCOHADA, ya riga ya tanadi asusun da ke sauƙaƙa wannan: 7013 da 7014 na sayarwa ga kamfanonin rukuni, 6013 da 6014 na saye daga gare su, 4112 na abokan cinikin rukuni, 4012 na masu kawo kaya na rukuni. Kamfanin da ya zuba komai cikin 7011 da 4111 ya jawo wa kansa zaman tsince faktir ɗaya bayan ɗaya a watan Fabrairu. Abu ɗaya da ke rikita sababbin hannu: idan kayan na cikin waɗanda ake ɗora wa harajin ciniki, wato TVA, na kashi 19, bashin da ke 4112 yana ɗauke da harajin, cinikin da ke 7013 kuwa ba ya ɗauke da shi. Don haka ba a gwada ciniki da bashi. Ciniki da saye ake gwadawa, bashi da bashi.

Aiki na biyu shi ne inda ribar take motsi. Buhu 2,000 na Tawa yana littafin ɗiya a miliyan 30, alhali rukunin miliyan 24 ya fitar ya saye shi daga waje. Miliyan 6 da ke tsakani riba ce da gida ya rubuta wa kansa, sai a cire ta daga darajar kaya a asusu 31, a ƙara ta a kan kuɗin kayan da aka sayar ta asusu 6031. Buhu 8,000 da ya riga ya fita ba a taɓa shi. Ribarsa ta tabbata, ko ma wa ya rubuta ta tsakanin uwa da ɗiya.

A nan ake yawan faɗawa ramin lissafin kaso. Jika 3 a kan jika 12 kashi 25 ne, jika 3 a cikin jika 15 kashi 20 ne. Daraktan ciniki zai ce maka “kashi 25 muke ɗorawa”, gaskiya ya faɗa, amma a kan kuɗin saye yake nufi. Kwantabul ɗin da ya ɗauki 25 ɗin nan ya buga a kan miliyan 30 zai samu miliyan 7 da rabi, ya wuce gona da iri da miliyan 1 da rabi. Kayan da ke mangazar ɗiya a farashin faktir yake, saboda haka ko dai a buga da 20 cikin 100, ko da 25 cikin 125. Kafin a karɓi kowane kaso daga bakin wani, a tambaye shi: a kan me?

Kuɗin mota ma yana shigowa. Daga Yamai zuwa Tawa, ta Doso da Dogon Dutsi da Konni, tafiya ce ta sama da kilomita 500. A ce ɗiya ta biya direban waje sefa 500 a kan kowane buhu, ta rubuta buhun a jika 15 da rabi. Wannan 500 ɗin kuɗi ne da ya fita daga rukunin da gaske don kai kaya inda za a sayar da shi, yana nan daram a cikin darajar kaya. Jika 3 kawai za a cire, buhu ya koma jika 12 da rabi. Wanda ya buga kashi 20 a kan jika 15 da rabi ya ci wani abu daga kuɗin direba. In kuwa motar ta uwa ce, ta kuma caji ɗiya da riba a kan dakon, to ribar dakon ita ma ta cikin gida ce, sai ta bi sahun ta shinkafa.

Tambayar da kowa ke yi a wannan gaɓar ita ce: tunda kashi 60 kawai uwa ta mallaka, me ya sa za a cire miliyan 6 duka? Ai kashi 40 na shinkafar kamar an sayar wa mutanen Tawa ne, su kuwa ba ƴan gida ba ne. Hujjar ba ta banza ba ce, amma ba ta tsaya ba. An riga an ɗauko kayan ɗiya gaba ɗaya an sa a bilan, ba kashi 60 nasa ba. Idan aka cire miliyan 3 da jika 600 kaɗai, kayan zai zauna a miliyan 26 da jika 400, farashin da babu wanda ya taɓa biya, ba na waje ba ne, ba na faktir ba ne. Ban da haka, uwa ce ke da iko a kan ɗiya. Ita ke cewa a saya, ita ke yanka farashi. Cinikin da mai sayarwa ke iya umartar mai saye bai isa shaidar riba ba. IFRS 10, ƙa'idar haɗa lissafi, ta faɗe shi a fili a sakin layi na B86, cewa ribar cikin gida da ta maƙale a kaya ko a kadara ana cire ta ne gaba ɗaya. Cirewa gwargwadon kaso tana da wurinta, amma a wani babin: kamfanin da uwa ke da tasiri a kansa ba tare da iko ba, wanda ake ɗauka daga kashi 20 na ƙuri'a, shi ne ake cire rabon uwa kaɗai.

Sai babbar magana, wadda ita ce ainihin abin da ya bambanta ɗiya mai abokan tarayya da wadda uwa ta mallaka duka. An yarda a cire riba, to daga rabon wa?

Ƙa'idar da ake bi ita ce a bi mai sayarwa. Ribar shinkafa a littafin uwa aka rubuta ta, mutanen Tawa ba su da ko sisi a ciki, saboda haka uwa ce za ta ɗauki ragin ita kaɗai. Ribar wake kuwa a littafin ɗiya take, tana cikin ribar da za a raba 60 da 40. Buhu 1,000 sau jika 7, miliyan 7 ke nan, za a fara cire shi daga ribar ɗiya kafin a yi rabo, masu ƙaramin kaso su ɗauki nasu ragin. Wurin da kayan ke ajiye ba shi ne ma'auni ba. Shinkafar tana Tawa amma ragin na Yamai ne, waken yana Yamai amma ragin na Tawa ne. Da yawa suna juya wannan, don ido yana bin mangaza ne, ba faktir ba. Nassin IFRS 10 bai fayyace rabon ragin dalla-dalla ba, aiki ne ya zauna a kan bin mai sayarwa, kuma shi ya fi kama hankali: ba a karɓe wa mutum abin da ba a taɓa ba shi ba. In ɗiya biyu ne suka yi ciniki a tsakaninsu, a ce ta Tawa ta sayar wa ta Maraɗi, kason abokan tarayyar wadda ta sayar ake dubawa.

Kafin a yi rabon akwai haraji. Hukumar haraji ta DGI ba ta san haɗaɗɗen lissafi ba, kowane kamfani take bi da ribar littafinsa, kashi 30 cikin 100. Uwa ta riga ta ɗauki nauyin haraji a kan miliyan 6 ɗin da muka cire. A idon rukunin, an biya haraji a kan ribar da sai baɗi za ta samu. Don kada shekarar bana ta ɗauki harajin ribar baɗi, sai a rubuta miliyan 1 da jika 800 a ɓangaren dukiya a matsayin harajin da aka ɗage, a rage shi daga harajin shekara. Ragin shinkafa ya koma miliyan 4 da jika 200. Na wake: haraji miliyan 2 da jika 100, saura miliyan 4 da jika 900. A lissafin kamfani guda SYSCOHADA ba ta rubuta irin wannan haraji, a haɗaɗɗe ne yake fitowa, shi ya sa kwantabul ɗin da ya shekara goma yana rufe littafin kamfani ɗaya zai iya mantawa da shi sam. Tunda duka biyun a Nijar suke, kason ɗaya ne. Da ɗiyar a Burkina Faso take, inda harajin kamfanoni kashi 27.5 ne, ko a Kodebuwa inda yake 25, da sai an zaɓa. A ƙarƙashin IAS 12, ƙa'idar IFRS a kan haraji, kason ƙasar mai saye ake ɗauka, domin a can ne za a ci moriyar ragin ranar da kayan ya fita.

Yanzu a haɗa. A ce ribar uwa bayan haraji miliyan 90 ce, a cikinta akwai miliyan 12 da ta karɓa daga ɗiya, wato kasonta na rabon ribar miliyan 20 da ɗiya ta yi a cikin shekarar. Wannan 12 ɗin dole ya fita, don an riga an ƙirga shi a ribar ɗiya ta shekarun baya. A cire 12, a cire miliyan 4 da jika 200, uwa ta tsaya a miliyan 73 da jika 800. Ribar ɗiya miliyan 40, a cire miliyan 4 da jika 900, saura miliyan 35 da jika 100. Haɗaɗɗiyar riba miliyan 108 da jika 900. Masu ƙaramin kaso suna da kashi 40 na miliyan 35 da jika 100, wato miliyan 14 da jika 40. Na uwa miliyan 94 da jika 860. Da ba a yi gyaran wake ba, da an rubuta wa mutanen Tawa miliyan 16 cif. Da kuma an yi kuskuren ɗora musu ragin shinkafa, da sun koma miliyan 12 da jika 360. Abin lura, a kuskuren nan na biyu jimlar ba ta canjawa, bilan yana daidaita lafiya lau, babu abin da zai yi ƙara a kwamfuta. Sai mai binciken da ya sake buga rabon da hannunsa ne zai gano.

Shekara ta biyu ta fi ta farko cin mutane. Duk gyare-gyaren nan a takardar haɗawa suke zaune, ba sa shiga littafin uwa ko na ɗiya. Ranar 1 ga Janairu ɗiya za ta buɗe littafinta da shinkafar miliyan 30, uwa kuma ribarta ta bara tana nan da miliyan 6 ɗin a ciki, ta shige cikin ribar da aka tara. Haɗaɗɗen bilan na bara kuwa ya rufe da 24. In ba a sake ɗauko gyaran bara ba, buɗewar bana ba za ta yi daidai da rufewar bara ba, ribar kuma za ta ɓace a tsakani: an cire ta bara, ba a mayar da ita bana ba. Abin yi shi ne a rage ribar da aka tara ta farkon shekara da miliyan 4 da jika 200, a ƙara wa ribar bana miliyan 6 ta asusu 6031, a mayar da harajin nan na miliyan 1 da jika 800 cikin harajin bana. Na wake ma haka, sai dai ragin farkon shekarar ya rabu biyu, miliyan 2 da jika 940 a kan uwa, miliyan 1 da jika 960 a kan masu ƙaramin kaso, ribar da ta dawo kuma a raba ta haka nan. Ba a ƙwace wa mutanen Tawa komai ba, an jinkirta musu ne zuwa ranar da waken ya bar mangazar Yamai.

Daga nan kuma abin da ke taɓa ribar kowace shekara shi ne bambancin da ke tsakanin ribar da ta maƙale a farko da wadda ta maƙale a ƙarshe. Idan shekara ta biyu ta ƙare da ribar shinkafa ta miliyan 9 a mangazar Tawa, an saki 6 an kama 9, ragin bana miliyan 3 ne kafin haraji. Rukunin da kayansa na cikin gida ba ya hawa ba ya sauka, gyaran kusan ba ya taɓa ribarsa, bilan kaɗai yake taɓawa. Wanda kuma uwa ta saba cika wa ɗiya mangaza a makon ƙarshe na Disamba don cinikinta ya yi kyau a idon banki, wannan gyaran ne ke tona shi.

Duk lissafin da ya gabata ya ɗauka cewa an san buhu nawa ne na cikin gida ya rage. A aikace wannan ne ya fi wuya. Ɗiya ba daga uwa kaɗai take saye ba, wani lokaci takan sari shinkafa iri ɗaya daga wani ɗan kasuwa a Konni, a jera buhunan wuri guda. Mai ƙidaya ya ga 2,000, bai ga na wa ba ne. SYSCOHADA ta yarda da hanyoyi biyu na kimanta kaya iri ɗaya: matsakaicin farashi, ko kuma wanda ya fara shiga shi ke fara fita. IAS 2, ƙa'idar IFRS a kan kayan ajiya, ma haka, ta hana a ce na ƙarshen shiga ne ke fara fita. Da hanyar farkon shiga farkon fita, abin da ya rage shi ne sayen ƙarshe, sai a bi faktir daga Disamba a koma baya har a cika 2,000, a ga nawa ne na uwa, kuma a wane farashi, don ribar Disamba ba lallai ta zama ta Maris ba. Da matsakaicin farashi kuwa, idan ɗiya ta sayi 10,000 daga uwa da 2,500 daga waje, kashi 80 na abin da ya rage ne ake ɗauka na gida, buhu 1,600, riba miliyan 4 da jika 800. Bambancin ba kaɗan ba ne. Dole rukunin ya tsaya a kan hanya ɗaya, uwa da ɗiya duka, kowace shekara. Mafi alheri shi ne a ba kayan gida lamba ta daban tun a ƙofar mangaza, mai gadin kaya ya san ba a gauraya su a kati ɗaya. In waken an niƙa shi ko an sake masa buhu a Yamai, ribar ɗiya tana nan a cikin sabon kayan, sai a bi ta can.

Ga kuma motar da ke kan hanya. Ta tashi daga Yamai ranar 30 ga Disamba da buhu 800, ta kwana a hanya, ba a sauke ba sai 2 ga Janairu. Uwa ta rubuta ciniki na miliyan 12 da bashi a 4112. Ɗiya ba ta rubuta komai ba, don ba ta ga kaya ba. Ƙidayar Yamai ba ta gan shi ba, ta Tawa ma haka. Asusun biyu za su saɓa da miliyan 12, kayan miliyan 9 da jika 600 kuma ya ɓace daga bilan ɗin rukunin alhali yana kan kwalta. A takardar haɗawa sai a rubuta sayen a madadin ɗiya, a sa kayan a asusu 38 na kayan da ke kan hanya, sannan a goge ciniki da bashi, a cire ribar miliyan 2 da jika 400 da ke cikinsa. Kuɗi ma yakan yi irin wannan tafiya, ɗiya ta tura ranar 31, bankin uwa ya nuna ranar 3. Maganinsa takardar daidaita asusu da kwantabul biyun za su sa wa hannu kafin kowa ya rufe littafinsa. Saɓanin da aka tura cikin asusun jiran gado don a samu a rufe, baɗi zai dawo ya haihu.

Rage darajar kaya yana da nasa tarko. A ce farashin shinkafa ya faɗi, abin da za a iya samu a buhu bayan kuɗin sayarwa jika 13 da rabi ne. Ɗiya tana riƙe da shi a jika 15, dole ta rage jika 1 da rabi a kowane buhu, miliyan 3 a asusu 391. A littafinta daidai ne. A idon rukunin kuwa buhun jika 12 ya ci, kasuwa tana sama da haka, babu asarar komai. Idan aka cire ribar jika 3 aka bar ragin ɗiya a wurinsa, buhu ya faɗo jika 10 da rabi, an sare shi sau biyu. Sai an soke ragin ɗiya tukuna, kuma tunda a littafinta aka yi shi, sokewar tana komawa cikin ribar da za a raba da masu ƙaramin kaso. In farashin ya gangaro har jika 11, ɗiya ta rage 4, rukunin yana buƙatar 1 kaɗai, a soke 3 a bar 1.

Akasin haka yana faruwa da albasa. Ɗiya ta sari albasar Galmi lokacin girbi ta adana a rudu, wato rumbun albasa, wata ya bi wata, wani sashe ya ruɓe, sauran ya sha iska ya rage nauyi, ta sayar wa uwa ƙasa da abin da ta kashe. Asarar cikin gida ana goge ta kamar yadda ake goge riba. Amma a nan ba a gogewa a wuce, sai an tambayi dalilin asarar. Idan farashi ne kawai aka karya don a kwashe riba daga Tawa zuwa Yamai, kayan zai koma kan kuɗin sayensa na asali. Idan kuwa albasar ce da gaske ba ta kai kuɗinta ba, mayar da ita kan tsohon farashi ƙarya ce a bilan, dole a rage darajarta zuwa abin da kasuwa za ta biya.

Akwai abin da ya kamata masu kashi 40 su sani, don kada su ɗora wa haɗaɗɗen lissafi nauyin da ba nasa ba. Rabon ribar da za a ba su a hannu daga littafin ɗiya yake fitowa, daga miliyan 40 ɗin nan, bisa abin da babban taron masu hannun jari ya yanke. Miliyan 14 da jika 40 ma'auni ne na rabonsu a idon rukunin, ba alkawarin biya ba ne. Kuma gyaran da muka yi ta bayani lokacin riba kawai yake gyarawa, ba ya duba adalcin farashi. A ce ɗiya za ta iya samun buhun nan a jika 13 daga wani wuri, uwa ta tilasta mata jika 15. Jika 2 a kan buhu 10,000 miliyan 20 ne da ya tashi daga littafin da ake raba shi 60 da 40 ya koma littafin da uwa ke ci ita kaɗai. Kashi 40 nasa miliyan 8 ne kafin haraji, kowace shekara. Da zarar shinkafar ta fita waje, babu sauran abin cirewa, jimlar ribar rukunin daidai take, rabon mutanen Tawa ne kawai ya ƙanƙance ba tare da wani layi ya nuna dalili ba. Haka in aka matse farashin wake.

Kariyar wannan tana cikin dokar kamfanoni ta OHADA, wadda aka sabunta a Wagadugu ranar 30 ga Janairun 2014. A kamfani mai majalisar gudanarwa, yarjejeniyar da ke tsakaninsa da mai babban hannun jari ko da wani kamfanin da shugabanninsa ke da hannu a ciki tana buƙatar izinin majalisar tun kafin a ƙulla, mai binciken lissafi ya rubuta rahoto na musamman a kai, babban taro ya duba. An keɓe cinikin yau da kullum da aka yi bisa sharuɗɗan da aka saba, kuma ta wannan ƙofar ce yawancin cinikin shinkafa da wake ke wucewa. Saboda haka mai ƙaramin kaso da ke son kare kansa, tun ranar ƙulla tarayya zai nemi a rubuta yadda za a riƙa yanka farashin cikin gida, ko kuɗin saye da kaso sananne a kai, ko farashin sari na ranar, da kuma haƙƙinsa na ganin abin da ke asusu 6013 da 7013 kowane wata uku, a gwada shi da faktir ɗin masu kawo kaya na waje.